Ɗakin Dutse na Garin Takawa

Shekara biyu bayan Mushe Alhusaini ya bar koyarwa a lakwal ɗin Madawa, wasu tsoffin abokan aikinsa suka kafa ƙungiya a Tawa don kula da tsoffin gine-gine. Ba ta gwamnati ba ce, ba ta da biro, wato ofis, a zauren shugabanta, Alhaji Hamidu, ake haɗuwa. Da aka raba ƙasa, Alhusaini aka ba Madawa da Buza da Keita, domin yana da ɗan babur mobilet kuma ba ya ƙin hanya. Aikinsa ya bi ƙauyuka ya ga abin da ya rage, ya auna, sannan ya lallashi mutanen gari su fito gayya su gyara. A Urno ya sa an sake yaɓen wani tsohon masallaci. A Tabotaki ya iske rijiyar dutse ta riga ta rufta, ya rubuta haka ya wuce.

A ranin 1979 wani direba ya ba shi labarin wani ɗaki a Garin Takawa, gabas da Ibohaman. Ya je ya gani. Dogon ɗaki ne, taki ashirin, an jera shi da baƙin dutsen tudu ba tare da laka ba, ga katanga ta kewaye shi. Rabin rufin ya faɗa ciki. A duk yawonsa cikin ƙasar Adar bai taɓa ganin irinsa ba.

Yana cikin awo ya lura an fara kwashe katangar ta gefen yamma. Jima, shugaban samariyar garin, ya ce su ne. Ya kai shi bayan gari ya nuna masa gebe, ramin da ruwan tudu ke ci kowace damina. Bara ya cinye gida uku, yanzu saura kaɗan ya kai rijiya. Suna son dutse su datse shi, tudu da nisa, wannan kuwa ga shi a fashe a kusa.

Alhusaini ya tafi wajen maigari ya yi dogon bayani a kan abin da kakanni suka bari. Maigari ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a kai baƙo wajen Delu, ita ta girmi kowa a garin.

Ya same ta a inuwar rumbu tana saƙar faifai. Ta ce a zamanin uwarta aka gina ɗakin, lokacin da garin ke ƙarƙashin masu raƙuma na arewa. Maza suka fasa dutse, mata suka ɗauko. Kowace kaka kowane gida yakan kai dammunansa can, masu ɗakin su zo su ɗora wa raƙuma. Ko a shekarar yunwa ba wani ɗan garin da ya taɓa cin ƙwaya ɗaya daga ciki.

"Mushe," in ji ta, "abin ga da kake so a aje, mu mun daɗe muna so a mance da shi. Uwata har ta mutu gashi bai sake tsira ba inda gammo ya zauna."

"Inna, ban sani ba," in ji shi.

"To, ka ji."

Ya koma Madawa ya yi kwana goma bai aika wa Tawa komai ba. Shekara biyu yana tambayar wa ya sa aka gina kaza, bai taɓa tambayar wa ya ɗauko kayan ginin ba. Duk da haka ɗakin bai fita ransa ba. Yakan tuna yadda aka haɗa duwatsun kusurwa, ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu, kuma wannan ma hannun mutanen Garin Takawa ne.

Da ya dawo ya ɗauki Jima suka auna bakin geben, suka auna katanga. Katangar za ta isa datsiya ɗaya. Ta biyu sai an sauko da dutse daga tudu, Alhusaini ya ce zai nemo kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Ɗakin kuwa ya roƙa a bar shi, a yi masa rufi, gari ya riƙa ajiye irin shukarsa a ciki. Aka yi ta gardama a ƙofar maigari. Wasu suka ce ba za su zuba geronsu inda aka zuba na dole ba. Daga ƙarshe aka aika a ji bakin Delu. Ta ce ƙofar ɗakin arewa take kallo. A toshe ta, a huda wata ta fuskar gari, in an yi haka ba ta da magana.

Alhusaini ya san dokar ƙungiyarsu ta hana sauya fasalin gini. Ya ce a yi.

A Tawa, Alhaji Hamidu ya ce an aiki Alhusaini ya tsare gini ya je ya ba da rabinsa, sauran kuma ya huda shi. Aka cire ɗakin daga jerin gine-ginen ƙungiya. Kamiyon dai an bayar na kwana uku, saboda mai shi ya riga ya yi alkawari. Alhusaini bai yi musu ba, ba a kuma karɓe masa yankinsa ba, don babu mai son hanyar Keita.

Kafin damina aka gama datsiya biyu, aka sa azara sababbi, aka rufe ɗakin. Ruwan farko mai ƙarfi ya ture datsiyar sama, ta ƙasa ta tsaya. Suka sake jera ta sama da rani.

A 1984 ruwa ya ɗauke, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Fiye da rabin garin suka yi kudu, wasu Najeriya, wasu bakin titi a Madawa. Waɗanda suka zauna suka matsa wa Jima, mai riƙe da makulli, ya buɗe ɗakin. Ya ƙi, ya ƙi, sannan maigari ya yanke a ci rabi a bar rabi. Delu ta rasu a cikin wannan ranin, tari ne ya kama ta. Da ruwa ya sauka a shekara ta gaba, da rabin nan aka yi shuka, har aka ɗiba wa ƙauyuka biyu na kusa.

Alhusaini bai sake bi ta garin ba sai bayan kakar 1986, a kan hanyarsa ta zuwa duba wani soro da ya tsage a Buza. Jima ya tafi cin rani Abija, can bakin teku, makulli yana hannun matarsa Saude. Ta buɗe masa, ta nuna masa azara ɗaya da gara ta ci, ta tambaye shi ko ya san inda ake samun giginya yanzu. Ya ce zai tambaya a Madawa. Sai da rani ya zagayo ya samo, aka kawo ta bisa amalanke.