Ƙafafun Sumaiya

Kulu ta ɗora jikanta jariri a kafaɗa tana jijjiga shi, alhali ba kuka yake yi ba. Hannunta ne kawai ke neman abin yi. Kusa da ita a kan bencin asibitin Kankiya, 'yarta Sumaiya ta zare takalma ta dafe tafin ƙafafunta a kan sumunti, tana neman sanyi.

Sumaiya ce 'yar fari, don haka Kulu ba ta kama sunanta, ba ta kuma nuna damuwa da ita a gaban mutane. Amma tun da yarinyar ta zo Kunduru wankan gida ta fara cewa ƙafafunta na zafi kamar ta taka garwashi, Kulu ta rasa sukuni. Ta san wannan zafin. Da shi mijinta Malam Yakubu ya fara, sai kasala, sai aka ce ciwon sukari ne, sai gyambo, har aka kai ga yanke ƙafar. Bai daɗe ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Maƙwabta suna ta cewa ai Sumaiya wani abu ta tsallake a hanya, a nemo rubutu. Kulu ta nemo, tana cewa a ranta da ma hakan ne, da ya fi sauƙi.

Aka kira su. Nas ɗin, Malama Amatullah, doguwar mace ce mai magana a tsanake. Ta saurari Sumaiya, ta duba cikin idonta da harshenta, ta latsa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗauko 'yar na'urar nan ta gwajin sukari da ake tsira wa mutum allura a yatsa. Kulu na ganin na'urar ta kau da kai, ta zuba wa bango ido, bakinta na motsi da salati.

"Sukarinta lafiya lau," in ji Malama Amatullah.

Kulu ta juyo. "Malama, mi kika ce?"

"Na ce ba ta da sukari, Inna."

"Ki ƙara dubawa dai. Ubanta da shi ya tahi."

Sumaiya ta ɗago ta kalli uwarta. Sai a lokacin ta gane dalilin da ya sa ake tashinta da hantsi ana leƙa tsakanin yatsunta da sunan duba lalle. Nas ɗin ba ta yi musu ba, ta sake tsira wani yatsan, ta juya na'urar ta nuna wa Kulu, duk da ta san ba karantawa za ta yi ba.

"Ga shi nan. Na mai lafiya ne."

Kulu ta zauna a kujerar da tun shigowarsu ta ƙi zama a kai. Daɗi ya kama ta har ta ji kunya, ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri hular da ba ta karkace ba.

"To yanzu sai mu nemo abin da ke damunta," nas ɗin ta ce. "Sumaiya, me kike ci?"

Nan kuwa Kulu ta karɓe zancen, domin a wannan fannin ba ta da abin kunya. Duk Kunduru an san surfenta. Masara in ta shiga turminta sai ta fito fara sol, a wanke, a sake wankewa, a jiƙa, a tsiyaye. Ta zayyana yadda take dama kunun kanwa safe da yamma, da tuwon masara mai laushi wanda ko ɗigon dusa babu a cikinsa. Wake in an dafa, sai ta zuba kanwa har ya narke, kada ya tayar wa mai jego da ciki.

"Nama fa?"

"Tun laulayi ba ta son warinshi. Ko naman ragon suna maƙwabta suka cinye."

"Ƙwai? Gyaɗa? Nono?"

"Ƙwai na hana tun da ciki, haka muka taras. Gyaɗa ko tana hiddo ma yaro ƙuraje."

"Ni dai koko ya riƙe ni har na haihu," Sumaiya ta sa baki. "Komi na ci sai ya dawo."

Malama Amatullah ta ajiye biro ta yi murmushi. Ta ce akwai wasu sinadarai da ake kira bitamin B, dangi ne, tare suke tafiya. Ɗaya daga cikinsu sunansa fantotenik asid, wasu na cewa B5. Shi ke taimaka wa jiki ya mayar da abinci ƙarfi. Mai ciki ta fi sauran mata buƙatarsa, mai shayarwa kuma ta fi mai ciki, domin ta nono yake bi ya isa ga jariri.

"Wannan ɗan naki ba ya sallama, kamfata yake yi," ta ce da Sumaiya. "In kin ci ku samu ku biyu. In ba ki ci ba, ke ki rame, shi ma nonon ya rage masa."

Kulu ta gwada sunan a ranta ya ƙi faɗuwa, ta bar shi. Ta tambaya ko a kyamis ake sayensa.

"Inna, ai yana cikin kusan duk abin da ake ci, shi ya sa da wuya a rasa shi. Yana cikin hanta da ƙwai da gyaɗa da nono da wake da dankali. Yana cikin hatsi ma, amma a jikin dusa ya fi yawa. In an surfe ƙal an wanke, rabi ya tafi. Abin da ya rage kuma kanwa da doguwar wuta su rage shi."

Kulu ta tuna da akuyarta, wadda ke cinye dusar nan kullum ta bi da ruwan tsari, ta yi ɓul-ɓul gashinta na sheƙi, 'ya'yanta biyu na tsotso nono na zuba. Ashe ita ake yi wa jego.

"Wato da hannuna na yi mata," ta ce a hankali.

"A'a, Inna, kada ki ce haka. Laulayi ne ya fara kwashe ta. Kuma ba zan ce lallai wannan sinadarin ne kaɗai ba, mu nan ba mu da abin auna shi, jininta ma ya ɗan yi ƙasa. Zan rubuta mata ƙwayoyin da suka haɗa dangin gaba ɗaya, da na ƙarin jini. Ta ci ƙwai, babu abin da zai yi wa yaro. Kunun gyaɗa ya shigo, kanwa ta ja baya. In zafin bai ragu ba nan da ranar rigakafin yaro, ku dawo likita ya duba ta."

"Surhen fa?"

"A tausaya wa masarar."

Sumaiya ta fashe da dariya, dariyar da Kulu ta manta rabon da ta ji. Ita ma ta so ta yi, amma ta daure fuska kamar yadda ya dace da uwar 'yar fari.

Rana ta take sa'ad da suka fito. Suka biya kyamis, sannan Kulu ta ja su wajen mahauta ta sa aka yanko hanta, ta tsaya wajen mai tsire aka gasa a gabanta. Sumaiya ta toshe hanci da bakin hijabi.

"Inna, wallahi ba ni iyawa."

"Ki iya."

Sumaiya ta ci yanka ɗaya tana yamutsa fuska, ta tsaya tana jiran ya dawo. Bai dawo ba. Ta sa hannu ta ɗauki na biyu ba tare da an ce mata ba. Kulu ta yi kamar tana kallon motocin da ke wucewa Katsina.

Daga nan zuwa inda ake hawa motar Kunduru akwai 'yar tafiya. Wani ɗan acaɓa ya tsaya yana yi musu ham, Kulu ta ɗaga masa hannu ya wuce. Ta gyara goyon jikanta, ta ce da Sumaiya ta shige gaba. Ita kuma ta biyo baya a hankali, idonta a ƙasa, tana kallon dugadugan nan biyu suna ɗagawa suna sauka a kan titi.

Sumaiya ta waiwayo. "Inna, da mun hau mashin ɗin. Har yanzu zahi suke yi mani."

"Su yi ta yi," Kulu ta ce. "Tun da dai naki ne, kuma suna nan. Taka mu tahi."