Launi Na Takwas

Karo na goma sha ɗaya ke nan Injiniya tana canza lambar launi, amma fuskar yarinyar da ke cikin wayar sai ta fito kamar an tsoma ta a toka. Wasan waya kamfaninsu ke haɗawa. Aikinta kuwa rini ne, sai dai babu tukunya babu baba. Mai zane ya ba ta fata fara fat, ita kuma ta rubuta ɗan umarnin da suke kira sheda, wanda ke bin fatar ɗigo-ɗigo yana zuba mata launin da mai wasa ya zaɓa.

Launuka bakwai sun zauna lafiya. Na takwas, baƙi wuluk, shi ya hana ta sakat. Me ke sa baƙar fata sheƙi a rana, alhali lissafi ya ce duhu ne kawai? Ta buɗe hoton 'yarta Auta, ta faɗaɗa kumatun har suka cika allon kwamfuta. Ashe ja ne a ɓoye a ƙarƙashi, da ɗan ruwan zuma a gefen hanci. Da ta ƙara su, fuskar ta rayu. Daɗi ya kama ta har ta tafa ita kaɗai.

* * *

Sati biyu da sakin wasan, Oga ya tsaya a kanta.

“Na takwas ɗin nan, cire shi kawai. Yana shanye batirin ƙananan wayoyi, kuma cikin mutum dubu, tara suka zaɓe shi.”

“Tara? Wai su wa ke wasan ne, Oga? Ba mu ba ne?”

Ya ɗaga kafaɗa. Ta roƙi a bar shi zuwa Litinin. Ranar ta wuni tana satar kallon hannayen matan ofis: fata jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Shekara uku suna aiki tare, sai yau ta gani. Tsoro ya ɗan shige ta, don hannun ƙanwar mijinta ma haka yake, kuma a wurinta Auta ke yini.

* * *

Ranar Asabar da hantsi ta saita na takwas, ta miƙa wa Auta wayar. So take ta ga ko 'yar shekara shida za ta gane kumatunta.

Auta ta ƙura ido, ta karkata kai.

“Umma, wannan ba ta yi wanka ba.”

“Ta yi mana. Haka Allah ya halicce ta. Ba ta yi kyau ba?”

“To a kai ta wajen Gwaggo. Ta ce in na ƙara girma za ta sammin man da take shafawa, in wanke.”

Auta ta lashi gefen rigarta, ta shiga goge fuskar da ke kan gilashin a hankali, don kada ta ji mata ciwo.

“Yi shiru,” ta raɗa wa yarinyar da ke cikin wayar. “Yanzu zai fita.”