Sawun Shekari

Ni na ba Jemimah kalmar, shi ya sa har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Jemimah 'yar ƙanwata ce, tana karatu a Samaru. A daminar 2006 ta zo shagona na gyaran janareta a Sabon Gari da takardu cike da jaka. Malaminsu ya ce su bi gida-gida su tambayi mutane sau nawa suke cin nama a mako, da itace suke girki ko da kananzir, awa nawa janareta ke yi a kunne, leda nawa suke yarwa. Daga nan a auna yawan gona da daji da ruwan da rayuwar mutum ɗaya ke cinyewa.

"Kawu, da Turanci sunan abin na nufin alamar da ƙafa ke bari a ƙasa. Me zan ce da Hausa?"

"Sawu mana," na ce, ina kwance kafireto, ko ɗago kai ban yi ba.

Ni da tun muna yara uwata ke share sawunmu a ƙofar gida kada wani ya ɗebi ƙasar ya kai wa boka. Ban tuna ba. Haka yarinyar nan ta bi layinmu tana cewa, "Na zo auna sawunku."

Bayan mako biyu, ranar Asabar da hantsi, ta dawo don ta faɗa wa kowa sakamakonsa. Ban san ƙafar Shekari ta kumbura ba. Tsohon direban tirela ne, gidansa na uku daga shagona. Hayaniya na ji na leƙa. Jemimah na jingine da bango, ta rungume jaka, mutane sun fi talatin sun zagaye ta. An fito da Shekari a kan kujera, babban yatsan ƙafarsa ya yi suntum, yana ƙyalli.

"Da bakinta ta ce sawuna ta zo ɗauka," in ji shi. "Kwana uku tsakani na kasa sa takalmi."

Matarsa Martina ta riƙe hannun jakar. "Buɗe mu ga ƙasar da kika ɗiba."

Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Na ga wani saurayin da ban sani ba yana kallon galan ɗin fetur da ke bakin shagona. Na taɓa ganin inda irin wannan kallon ya ƙare, a kasuwa, kuma ba na son faɗa. Na tura galan ciki, na ja ƙofa, na kutsa cikin taron.

Na san in na ce babu asiri a duniya, ba wanda zai saurare ni. Ni kaina ban rantse babu ba. Sai na karɓi jakar na zazzage ta a ƙasa. Takardu ne da biro da ragowar gyaɗa.

"A takardar yake," wani ya ce daga baya.

"To, mu ji abin da ke ciki. Jemimah, wacce ce ta Shekari?"

"Kawu, na yi musu alkawarin ba wanda zai gani."

"Ba ni."

A aji uku na tsaya, ba na karanta Turanci, amma lamba ba ta ɓace mini. Na ce ta nuna mini layin nama. Ta ɗora yatsa a kansa.

"Bakwai," na ce da ƙarfi. "Shekari, kai ka faɗa mata kana cin nama sau bakwai a mako?"

Ya kau da kai. Martina ta saki siket ɗin Jemimah da ta cafke.

"Bakwai? Mutumin da likita ya hana nama tun Kirsimeti saboda ciwon gaɓɓai? Rabon da in sa nama a miya wata shida."

"Tsire ne, Mama," in ji Jemimah, murya ƙasa-ƙasa. "Da ƙoda. Ya ce kullum da yamma, a tasha."

"Au, baban yara, addu'ar yamman da kake zuwa kenan?"

Wata mata ta tuntsire da dariya, wasu suka bi ta. Ba duka ba. Mai dutsen bai yar ba, ya dai sauke hannu. Ban jira ba. Na ja Jemimah ta lungun bayan coci, muka bar takardun a ƙasa, ban sake ta ba sai da na ga ta zauna a motar Samaru.

Kafin mota ta cika ta leƙo ta taga, idonta jajur.

"Kawu, naka ya fi na kowa a layin. In duk mutane suka rayu kamar kai da janaretocinka, duniya ɗaya ba za ta isa ba."

"Na ji. Ki ce wa malaminku ya nemo wata kalmar."

Da na koma, sawun takalminta na nan a laka jikin bango, biyu, sun nutse sosai. Na duba hagu da dama, na sa ƙafa na murje su.