Igiyar Cajin da ke Aljihu

Idon Inna Yalwa ya yi rauni, har fuskar mutum a waya ba ta fi ƙwayar gero a wurinta ba. Ga ciwo ya kwantar da ita tun girbi. Burinta ɗaya ne, ta ga jaririn da 'yarta Nuriyya ta haifa a Fatakwal.

"Muhyiddeen," ta ce wa ɗanta, "wannan allon naka mai faɗi ba zai nuna mini shi ba?"

Da zai nuna mana, ba don karambanin mai shi ba. Muhyiddeen malamin firamare ne a Fassi, kuma Allah ya yi shi da son a ce ya iya. Watan jiya ya goge Windows daga tsohuwar laftof ɗinsa ya zuba Linux, wai ta fi sauri kuma kyauta ce. Komai ya zauna daidai, sai katin wayfai, mai kamo intanet, da ya ce bai san zancen ba. Manhajar da za ta tashe shi sai an sauko da ita daga intanet, intanet ɗin kuma sai katin ya tashi.

Kwana biyar yana kwafo umarni daga waya yana bugawa. Abokan aiki suka ce ya mayar da Windows ya huta, ya ce a kai kasuwa. Kullum maganarsa ɗaya, "Gobe, Inna." Ita kuma ta ce, "Allah ya kai mu."

Ran Alhamis ya sauke girman kai, ya hau babur zuwa Rano wajen Sagiru mai gyara. Sagiru ya karɓi igiyar cajin da ke aljihun Muhyiddeen, ya haɗa wayarsa da laftof, ya taɓa wuri ɗaya, sai ga intanet. Minti goma katin ya tashi.

"Malam, ai ko katin bai tashi ba, da igiyar nan kaɗai da ka yi kiranka tun ranar farko."

Muhyiddeen ya yi dariyar yaƙe, ya aika wa Nuriyya saƙo ta shirya yaro bayan la'asar. A hanya wayar na ta ruri a aljihu, bai tsaya ba.

Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune jugum. Shi ake jira a yi wa Inna sallar jana'iza.

Da aka dawo daga maƙabarta ya shiga ɗakinta. Ba wanda ya iya sanar da mai jego, sai shi. Ya buɗe laftof ya kira. Hoto ya fito tangaram, ga jariri an sa masa hula da kwalli, fuskarsa ta cika allon.

"Yaya, ya yi!" in ji Nuriyya da murna. "Matsar mata da shi kusa da idonta."