Haƙorin Auta

Tun da saƙon wata mujallar bincike ta ƙasar waje ya iso, Likita ta kasa zama. Ta buɗe kwamfuta, ta rufe, ta leƙa taga, ta dawo tana gyara kujerar da ba ta karkace ba. Har nas ɗinta ta tambaye ta ko cinnaka ne ya shiga rigarta.

Likitar haƙoran yara ce. Ta daɗe tana bin binciken da ake bugawa a duniya, kullum ƙasashen nan dai ne 'yan tsiraru, nata yankin ko a gindin shafi ba ya fitowa. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Shi ya sa ta yi nata binciken a kan wani sabon ciko na haƙoran farko. Ƙa'idar ita ce a jira yaro ya yi famfara, sannan a duba cikon a na'ura. Iyaye kuwa da haƙori ya faɗi sai shara. Yanzu mujallar ta ce haƙoran da ta tara sun gaza da ɗaya, in wata ya ƙare babu shi, a manta da maganar.

Ɗaya ya rage mai cikon, kuma yana bakin Auta, 'yar yayanta.

Sai zumunci ya tashi. Kullum Likita tana gidan da tsarabar rake da gyaɗa mai tauri, tana cewa Auta ta buɗe baki. Matar yayan ta yi mata tsiya cewa rabon da su ga ƙafarta haka tun suna. Haƙorin dai ko gezau, ɗan motsi kawai.

Ana saura kwana kaɗan ta ɗauko yarinyar zuwa asibiti, wai dubawa. Nas ta kalli hoton haƙorin, ta ce saiwar ba ta gama narkewa ba. Likita ta ce ta gani.

"Gwaggo, ba ciwo yake min ba fa," in ji Auta.

"Na sani. Rufe idonki."

Nan take ta cire haƙorin. An buga takardar binciken, sunan Likita a sama, abokan aiki suna ta taya murna. Ta sayi 'yar tsana ta nufi gidan yayanta. Auta na tsakar gida tana ƙyalƙyala dariya da ƙawayenta. Tana hango gwaggonta ta sa hannu biyu ta toshe baki, ta shige bayan uwarta.