Tauraron Cikin Akushi

Wanne ya fi muni, ka shanye madarar mai yunwa, ko ka mayar masa da ita? Wa ya sani. Shi dai Mansur ba wannan ya kawo shi rugar nan ta kwarin Tarka ba. Zane ya zo yi.

Shekaru ke nan yana bin tsofaffin kaya yana zana su da fentin ruwa kafin dillalai su kwashe: kwaɗon kulle ƙofa na Buzaye, gudumar fasa sukari, sirdin raƙumi. Yau akushin Inna Dado ne, baƙi wuluk, mai ƙusoshin tagulla a baki, da tauraron azurfa can ƙasa ta ciki. Gobe za ta sayar da shi a kasuwar Belbeji ta sayi hatsi. Zanen ne kaɗai zai rage mata, shi ya sa ta aika a kira shi daga Tanout.

Sai ga shi ta ajiye masa akushin cike da madara.

"Inna, ki juye a wani abu. Tauraron nake son gani."

"Ba a miƙa wa baƙo akushi ba kome. Sha, za ka gan shi."

Ya dubi garke. Saniya ɗaya ta rage, haƙarƙarinta a waje. Wannan madarar ita ce abincin gidan na yau.

"Na ƙoshi, wallahi."

"Ƙoshin birni! Dubi wuyanka kamar na zalɓe."

Ya zana bakin, ya zana ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Zafi yana busar da fentin tun kafin ya baje, ruwan gwangwaninsa yana ta ja baya. Tsakiyar takardar fara fat. Daga bakin hanya direban motar da ta kawo shi ya danna oda.

"To, ki faɗa mini yadda yake, in zana."

"In ƙarya nake so na rataya, da na kira ka?"

"Haba Inna! Ku me za ku ci?"

Ta gyara zama, ta kawar da kai.

"Ɗana, gobe ba ni da akushi. Kai ne baƙonsa na ƙarshe."

Odar ta sake tashi, doguwa. Mansur ya ajiye burushi a kan gwiwa, ya ɗauki akushin da hannu biyu, ya yi bisimilla. Yana sha, ƙahon tauraron na farko ya fara leƙowa.