Tulin Ya Kwanta

Ko gaisawa ba su yi ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun da kamfanin haƙar ma'adinai ya ba wan shugabancin masu jibge baraguzai, ƙanen kuma ya zama mai gwaji, ba sa ga maciji da juna.

"Ɗan Rami, yau kuma me za ka tono mana?" in ji wan. "Tulin baraguzan nan ya kwanta, ka daina wahalar da kanka."

Mai gwajin ya tsani sunan nan, amma ya haɗiye. Aikinsa ke nan: ya tona ɗan rami a kan tulin, ya auna nauyin ƙasar da ya fitar, sannan ya cika ramin da tankaɗaɗɗen yashi. In rami ya sha yashi da yawa ƙasar kuma ba nauyi, to tulin fanko ne, ruwan sama kawai yake jira. A gindin tulin kuwa layin gidajen ma'aikata ne, har da ɗakin Innarsu.

Jiya ya kafa sanduna masu jan ƙyalle a wuraren da zai gwada. Yau sai ga gindin kowace sanda sumul, da sawun motar danne ƙasa. Wai shi za a raina wa hankali! Ya wuce sandunan, ya durƙusa can gefe inda mota ba ta taka ba.

"Ba nan ka sa alama ba."

"Na sani, Yaya."

Ya tona, ya fara zuba yashi. Ramin ya yi ta sha kamar buhun da ɓera ya huda. Gorar yashin ta ƙare, ramin bai ko nuna alamar cika ba. Ya ɗago ya dubi wan.

"Ka ce ya kwanta? Zai kwanta kam, a kan mutane."

Ya miƙe ya leƙa ƙasa. Ga Inna can tana shanya zannuwanta. Gidan da ke manne da nata, na Yayan, babu labule, babu kaji, igiyar shanya wayam.

"Ina iyalinka?"

Wan ya kau da kai. "Sun je ganin gida."

"Har da labule da kaji?"

Wan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "In na ɗauke Inna, duk layin zai gane. A rufe wurin nan, mu ci me?"

Mai gwajin ya ji ƙiyayyar da bai taɓa sanin yana da ita ba. Bai zage shi ba. Ya bar gorar da ma'aunin a nan, ya kama hanyar gangarawa, ƙasa na zamewa ƙarƙashin takalminsa.

"Me za ka ce mata?" wan ya tambaya daga sama.

Bai waiwayo ba. "Zan ce ɗanta na fari ya ajiye ta ta yi masa gadin asiri."